Takalmin yaro a cikin bututun hayaƙi: su wa suka zauna a gidan nan kafin mu?

Ummu_Hanif:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san kan tsofaffin takardu a nan Ingila. Shekara biyu ke nan muna haya a wani ɗan gidan ƙauye a gundumar Dorset, saboda ya fi kusa da wurin aikina. Ginin laka ne da aka shafe da farar ƙasa, rufinsa jinka. Kaurin bangon ya kai Hanif ya hau bakin taga ya zauna har ya miƙe ƙafa, ƙofar ɗakin sama kuwa sai Abban Hanif ya sunkuya kafin ya shiga. Ta waje akwai wata taga da aka toshe tun da daɗewa, ana ganin shatinta a jikin yaɓen.

Makon jiya mamallakin gidan ya turo masu gyara saboda ruwa na yoyo ta gefen bututun hayaƙi. Da suka ciro wasu duwatsu a saman murhu sai ga ɗan lungu, a cikinsa takalmi ƙwaya ɗaya, na ƙaramin yaro. Fatar ta bushe ta yi baƙi, tsawonsa bai kai tafin hannuna ba, an yi masa faci a wajen babban yatsa da wani zare mai kauri. Na ajiye shi kusa da takalmin Hanif na makaranta, kuma tun ranar zuciyata ta kasa barin maganar. Wata uwa ce ta zauna a bakin murhun nan ta yi facin nan.

Mamallakin ya ce mahaifinsa ne ya sayi gidan a shekarun 1960, iyakar saninsa ke nan. Don Allah ta ina ake fara gano mutanen da suka zauna a gida irin wannan?

Binta_Leeds:
Wa alaikumus salam. Yaya, wallahi tsigar jikina ta tashi. Ba asiri aka binne ba kuwa? Ki dage da addu'a, ki riƙa karanta Baƙara a gidan.

BabanZahra:
Malama Binta, addu'a kullum abin yi ce, amma kada mu firgita baiwar Allah. Abin da ta gani sananne ne a tsofaffin gidajen ƙasar nan. Gidan tarihi na Northampton, garin da ya yi suna wajen ɗinkin takalma, yana da kundi na musamman tun shekarun 1950 da ake rubuta duk takalmin da aka tsinta a ɓoye cikin gini, kuma rahotannin sun haura dubu. Kusan kullum ƙwaya ɗaya ake samu, tsoho wanda ya sha jiki, da yawa kuma na yara ne. Wurin da aka fi samu shi ne daidai inda kika samu naki, gefen bututun hayaƙi. Masu nazarin abin sun fi karkata ga cewa camfi ne na neman kariya, domin bututu ƙofa ce da ba a rufewa, mutanen da kuma suna tsoron mayu su shigo ta nan. Wasu na danganta shi da neman haihuwa. Ko ma mene ne, talaka ba ya rabuwa da takalmi sai ya mutu murus, shi ya sa kika ga faci.

Tsohon_Malami:
'Yata Ummu Hanif, sannu da ƙoƙari. Na yi irin wannan aikin shekarun baya, bari in ba ki hanya, amma ki shirya haƙuri.

Ki fara daga yau ki riƙa ja da baya. Kuskuren da kowa ke yi shi ne ya tsallaka shekara ɗari uku baya ya kama wani suna, alhali bai tabbatar gidan nasa ba ne.

Babban makaminki ƙidayar jama'a. Tun 1801 ake yin ta duk shekara goma, amma sai a 1841 aka fara rubuta sunan kowa. Ta 1841 ɗin ba ta da zurfi, har shekarun manya ma ragewa ake yi zuwa biyar-biyar, mai 38 a rubuta masa 35. Daga 1851 ne za ki samu shekarun mutum daidai, da dangantakarsa da maigida, da sana'arsa, da garin da aka haife shi. Ana buɗe kowace ƙidaya bayan shekara 100, don haka ta ƙarshe da za ki iya gani ita ce ta 1921, wadda aka saki a farkon 2022. Daga nan sai babban giɓi: ta 1931 ta ƙone ƙurmus a wata gobara a 1942, ta 1941 kuma yaƙi ya hana a yi. Abin da ke cike wannan giɓin shi ne rajistar da aka yi ranar 29 ga Satumba 1939 domin katin shaida da rabon abinci na lokacin yaƙi, sai kuma rajistar masu zaɓe.

Ga inda gizo ke saƙar. Gidajen ƙauye a lokacin ba su da lamba, yawancinsu ko suna ba su da shi. Sunan da ke jikin ƙofarku yanzu wataƙila na baya-bayan nan ne. Malamin ƙidaya kan rubuta sunan layi kawai ya jero iyalai. Dabarar ita ce ki bi sawunsa. Da ƙafa yake tafe gida-gida, to ki nemo abin da ba ya motsi, kamar gidan limamin coci, ko mashaya, ko maƙera, ko babban gidan gona, ki ƙirga gidaje daga nan zuwa naku. Ki yi haka a kowace ƙidaya, domin wani malamin ta gabas yake farawa, wani ta yamma.

Nasiru_K:
Game da tagar da aka toshe, wannan harajin taga ne. An taɓa sa haraji a kan yawan tagogi, shi ne mutane suka riƙa toshe nasu. Duk tsohon gida za ka ga haka.

Tsohon_Malami:
Malam Nasiru, harajin gaskiya ne, daga 1696 zuwa 1851 aka karɓe shi. Sai dai da farko gida mai taga goma zuwa sama ne lissafin tagogi ke hawa kansa, daga baya aka sauko zuwa bakwai. Ɗan gidan barema mai taga uku ko huɗu bai kai a waiwaye shi ba, balle ya toshe ɗaya don gudun haraji. Akwai dai wani dalilin.

Ɗan_Magini:
Ina bayan Baba Malam. Hajiya Ummu Hanif, ki fita ki duba shatin nan da kyau. A tsakiyar bango ya tsaya, ko ya gangara har ƙasa? In ya kai ƙasa, to ba taga ba ce, ƙofa ce. Sannan ki ƙirga matattakalar bene da murhu. In kika ga murhu biyu manya, ɗaya a kowane ƙarshen gidan, ko alamar wurin da aka cire wata matattakala, to gidan da kuke ciki ku uku da can gida biyu ne, na iyali biyu. Aikin gyaran tsofaffin gine-gine nake yi, kuma wannan shi ne abin da na fi cin karo da shi. Mai kuɗi ya sayi gida biyu ko uku a jere, ya fasa bangon tsakani ya mai da su ɗaya.

Shi kansa ginin yana magana in an san yarensa. Lakar nan da ciyawa ake kwaɓa ta, a ɗora sahu ɗaya a bari ya sha iska kafin a ɗora wani, a kan gindin dutse don kada damshi ya ci ta. Maginan Devon da Dorset na cewa bangon laka hula mai kyau da takalmi mai kyau kawai yake nema, wato jinka a sama da dutse a ƙasa. Jinkar ma ba duka ake yayewa ba idan za a sake baibaya, ta sama ake cirewa a bar ta ƙasa. A wasu gidajen Devon na leƙa cikin rufi na ga ciyawar ƙasa baƙa ƙirin da hayaƙi, alamar tun zamanin da ake hura wuta a tsakar ɗaki kafin a san bututu. In gungumen da ke riƙe da benenku na itacen oak ne, akwai masana da ke huda shi su ƙirga zoben cikinsa su faɗi shekarar da aka sare bishiyar, kuma tun da ɗanye ake aiki da shi, shekarar ginin ba ta nisa da ita. Amma wannan sai da yardar mamallaki, kuma in gidan yana cikin jerin gine-ginen da hukuma ke karewa, sai da izini. Ki duba jerin Historic England, hukumar da ke kula da tsofaffin gine-gine, a intanet, kyauta ne, in yana ciki za ki ga ɗan bayanin shekarunsa.

Ummu_Hanif:
Malam Ɗan Magini, yanzu na shigo daga waje. Shatin ya kai har ƙasa, har da wani faffaɗan dutse a gindinsa da ciyawa ta rufe, tsakiyarsa ya lotsa saboda taku. Shekara biyu ina wucewa ta kansa ban lura ba. Murhu kuwa biyu ne, ɗayan an mai da shi wurin ajiye littattafai. Allah mai iko. Ke nan ɗakin da muke cin abinci da na samansa gidan wasu ne sukutum.

Sadauki77:
To ga maganar da nake jira a zo kanta. Mutane na ganin hoton gidan jinka da furanni a bakin ƙofa su ce kai, mutanen da sun more. Wa ya more? Gidajen nan na 'yan ƙodagon gona ne, kuma da yawansu ba hayar kirki ba ce, gida ne da ke ɗaure da aiki. Manomi ya ɗauke ka, ya ba ka ɗaki. Ranar da ya sallame ka, ko ka tsufa, ko ka karye, ranar ka rasa aiki ka rasa makwanci, kai da matarka da 'ya'yanka. Sai a 1976 aka yi dokar da ta ba ma'aikatan gona kariya ta sosai daga irin wannan kora. Ku duba fa, 1976.

Kuma Hajiya, a Dorset kike, gundumar da ta yi ƙaurin suna wajen ƙarancin lada. Ki je Tolpuddle, ba nisa. A 1834 aka kama mutum shida na ƙauyen, jagoransu George Loveless, saboda sun kafa ƙungiya bayan an zaftare ladansu daga sule tara a mako zuwa bakwai, ana shirin mai da shi shida. Laifin da aka ɗora musu wai sun yi rantsuwar asiri. Aka yanke musu shekara bakwai a Ostireliya. Sai da jama'a suka yi ca, aka tara sa hannu wajen 800,000, kafin a yi musu afuwa a 1836. Shekara huɗu kafin a kama su, a 1830, 'yan ƙodago sun tashi a kudancin ƙasar suna farfasa injinan sussuka da suka raba su da aikin hunturu, aka rataye 19, aka kwashe kusan 500 zuwa Ostireliya. Uban yaron nan mai takalmi, a irin wannan duniyar ya rayu. Sule bakwai, baki takwas ko tara. Hannu baka hannu ƙwarya ma ya fi wannan.

Gimbiya_M:
Yaya Sadauki, ba na musun wahalar, amma kada mu yanke hukunci kafin takarda ta zo. Ba kowane ƙaramin gida ne na mai gandu ba. Akwai na maƙera, da masaƙa, da masu gyaran shinge, akwai kuma waɗanda talaka ya gina da hannunsa a gefen hanya ko bakin makiyaya. Joseph Arch, wanda ya kafa ƙungiyar 'yan ƙodagon gona a 1872 har ya shiga majalisa a 1885, gidansu na Barford mallakin iyalinsu ne. Ba mai iya korarsa, shi ya sa ya iya buɗe baki.

Sadauki77:
Ai kin ƙarfafa maganata ne, ƙanwata. Mutum ɗaya da ke da rufin kansa ya yi magana, dubbai da ba su da shi suka yi shiru. Me ya rufe musu baki in ba gidan ba?

Abu_Sumayya:
Ni kuma wata tambaya ce ke damuna, ku yi mini uzuri. Mutanen nan sun riga mu gidan gaskiya, ba danginmu ba ne, ba su san za a zo ana tona talaucinsu da bashinsu da wanda ya mutu a gidan gajiyayyu ba. In da ni ne, zan so baƙo ya zauna a ɗakina bayan shekara ɗari yana karanta asirina? Ina ganin a mai da takalmin inda yake a rufe, a bar su su huta.

Hajiya_Kulu:
Malam Abu Sumayya, na fahimce ka, kuma kunyar da ka ji abu ne mai kyau. Amma bari in faɗa maka abin da na gani da idona. Na yi shekara takwas ina kula da tsofaffi a gidajensu a ƙauyukan Devon. Akwai wata tsohuwa, ta haura casa'in, kullum in na tura ta a keke muka zo wani gida mai jinka sai ta ce in tsaya. A nan aka haife ta. Ta nuna mini inda rijiya take, da inda masai yake can ƙarshen lambu, da tagar ɗakin da su biyar suke kwana a gado ɗaya, uku kai sama biyu kai ƙasa. Ta ce lokacin yaƙi an kawo musu yara biyu daga birni masu gudun bam, uwarsu ta shimfiɗa musu a ƙasa. Masu gidan na yanzu sai ƙarshen mako suke zuwa, ba su taɓa sanin tana raye ba. Abin da ke cin ranta ba tona asiri ba ne, cewa take yi ba wanda ya taɓa tambayarta. Ta rasu da labarinta, sai ɗan abin da na riƙe.

Don haka ƙanwata Ummu Hanif, kafin takarda ki nemi mutane. Takarda za ta jira ki, tsoho ba zai jira ba. Ki je wurin shan shayin da tsofaffi ke yi a zauren ƙauye, ki tafi da hoton gidan. Za ki sha mamaki.

Abu_Sumayya:
Hajiya, jikina ya yi sanyi. Ban janye duka ba, amma na yarda akwai bambanci tsakanin tunawa da mutum da tallata shi. Roƙona dai kada a baza sunayensu a nan, wataƙila jikokinsu na nan a ƙauyen.

Tsohon_Malami:
Wannan sharaɗi ne mai kyau. Bari in ƙara abu biyu da za su raba gardamar Sadauki da Gimbiya, aƙalla a kan wannan gidan.

Na farko taswirar ushiri. Da can manomi kan ba coci kashi ɗaya cikin goma na amfanin gona. A 1836 aka yi doka aka mai da shi kuɗi, sai aka auna ƙauyuka aka zana taswira, yawanci a ƙarshen shekarun 1830 da cikin 1840. Kowane fili da kowane gida da lambarsa, ga kuma littafi da ke faɗin mai shi da wanda ke ciki. Kofi ɗaya yana babbar ma'ajiyar takardun ƙasa a Kew, wani kuma yawanci yana ma'ajiyar gunduma, taku tana Dorchester. Na biyu ƙiyasin filaye na 1910, zamanin Lloyd George yana ministan kuɗi. Jami'ai sun zaga da littafi suna rubuta mai gida, da ɗan haya, da kuɗin haya, wani lokacin har da yawan ɗakuna da halin da rufi ke ciki.

Amma ki sani, takarda dukiya take bi. Za ki samu sunan mai gandu a rubuce da kyau sau goma kafin ki samu na wanda ya kwana a ɗakin sau ɗaya.

Ummu_Hanif:
Salam 'yan'uwa, ku gafarce ni da shirun kwana goma sha biyu, aikin dare ne ya riƙe ni. Na je Dorchester ranar hutuna, ma'aikatan suka taimaka mini ƙwarai. Zan kiyaye sharaɗin Malam Abu Sumayya, ba suna.

A taswirar ushiri gidan yana nan, an raba shi biyu kamar yadda Malam Ɗan Magini ya faɗa. Mai shi shi ne mai gandun da ya mallaki kusan duk ƙauyen. A gurbin wanda ke ciki kuwa sunan mutum ɗaya aka sa, aka bi shi da kalmar da ke nufin “da wani”. Iyali guda cur, “da wani”. Na daɗe ina kallon wurin.

Na ƙirga daga gidan limamin coci yadda Baba Malam ya koya mini. A 1851, ɓangaren da aka samu takalmin akwai mutum tara: miji, mata, 'ya'ya shida, da wani tsoho ɗan haya. A gaban sunan mijin an rubuta “Ag Lab”, wato ɗan ƙodagon gona a taƙaice, haka ma a gaban sunan ɗansa mai shekara goma. Yaran shida an haife su a ƙauyuka huɗu daban-daban. A 1861 babu su, wasu ne. A 1871 wasu ne kuma. Sai daga 1881 wani makiyayin tumaki ya zauna ya daɗe.

Ta 1911 ce ta sa ni kuka a gaban mutane. Ita wannan da hannun masu gida aka cike ta. Matar makiyayin ce, mijin ya rasu, tana zaune da ɗanta ɗaya. Akwai gurbin da ake tambayar 'ya'ya nawa aka haifa, nawa ke raye, nawa suka mutu. Ta rubuta tara, biyar, huɗu. Rubutun yana rawa, ta danna alƙalami sosai. Sai wani ya zo ya soke layin da jan tawada.

Binta_Leeds:
Innalillahi. Me ya sa za a soke? Wane irin rashin tausayi ne wannan?

BabanZahra:
Ba mugunta ba ce, Malama Binta, ƙa'idar takardar ce. Matan da ke da aure a lokacin kawai aka yi wa tambayar, ban da waɗanda mazansu suka rasu. Da yawansu sun amsa duk da haka, malaman ofis suka bi suna sokewa, amma ana iya karantawa. Ba a tambaye ta ba, ta ƙirga 'ya'yanta duka tara.

Sadauki77:
'Ya'ya shida, ƙauye huɗu. Ga shaidata nan, Gimbiya. Shekara-shekara ake ɗaukar su, wa'adi ya cika a ɗora gado da tukunya a kan amalanke a nufi gonar gaba. A wannan yankin ranar 6 ga Afrilu ce ranar ƙaura, a wasu wuraren kuma cikin Oktoba. Yaro ɗan shekara goma an riga an rubuta shi ɗan ƙodago.

Gimbiya_M:
Na karɓa a kan iyalin 1851. Amma makiyayin fa? Shekara talatin iyalinsa na gida ɗaya, har bayan ransa ba a kori matarsa ba. Makiyayi gwani ba a wasa da shi, ladansa ya ɗara na sauran. Gida ɗaya ne, rayuwa iri biyu.

Sadauki77:
Ba a kore ta ba saboda ɗanta na aiki a gonar. Ummu Hanif, duba mana sana'ar ɗan. In ba haka ba ne zan ba da haƙuri a gaban kowa.

Ummu_Hanif:
Mai kula da dawakin gona ne. Amma takardar ba ta faɗi gonar wa ba, sai ta 1921 ce ke faɗin sunan wanda ake yi wa aiki, kuma a cikinta ban same su ba. Wani ma'aikacin hanya ne a gidan. Inda suka tafi shi ne abin da zan bi yanzu.

Nasiru_K:
Ki duba dutsen tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918, kusan kowane ƙauye na da shi a bakin coci ko mararraba. Allah ya sa ba ya ciki. Kuma bayan yaƙin nan manyan gandaye da yawa an yanyanka su an sayar, takardun gwanjon kan bayyana kowane gida da wanda ke haya. Na gode da gyaran da aka yi mini kan taga, na ƙaru.

Hajiya_Kulu:
Duk mun bi manya mun manta da mai takalmi. Na wane ne a cikinsu? Na yaran 1851 ne, ko na ɗaya daga cikin huɗun nan?

BabanZahra:
Tambayar da ta dace ke nan, Hajiya. Ummu Hanif, ɗauko shi ki duba abu biyu. Na ƙafar dama ne ko na hagu? Ɗinkin kuma na hannu ne ko na keke?

Ummu_Hanif:
Na juya shi na sake juyawa, ban iya cewa dama ko hagu ba, miƙe yake sambal. Ɗinkin ba daidai yake ba, wani taku dogo wani gajere.

BabanZahra:
To akwai magana. Daga wajen 1600 zuwa 1800 yawancin takalma haka ake yin su, ba dama ba hagu, na yara kuma an ci gaba da yin su haka har bayan nan. Keken ɗinki sai daga shekarun 1850 ya shiga sana'ar. Wannan bai yanke hukunci ba, domin mai ɗinkin ƙauye ya daɗe yana aiki da hannu, amma yana yiwuwa yaron nan ya girmi duk sunayen da kika samo, ya zo ya wuce kafin 1841. Ki ɗauki hoto da ma'auni a gefensa ki aika Northampton, su suna iya kintatar zamaninsa, kuma za su sa shi a kundinsu.

Tsohon_Malami:
In haka ta tabbata, sauran littafin coci. Tun 1538 aka umarci coci-coci su riƙa rubuta baftisma da aure da binnewa, daga 1813 kuma aka ƙara gurbin mazauni da sana'ar uba. Sai dai mazaunin sunan ƙauye kawai ake sawa, ba gida ba. Za ki ga yara da yawa da za su iya zama shi. Takardun gandun, in sun tsira, su ne za su iya haɗa suna da gida, musamman littafin karɓar haya. Ki tambaya a Dorchester ko iyalin mai gandun sun ajiye nasu a can.

Ɗan_Magini:
Kafin nan akwai maganar gaggawa, Hajiya. Masu gyara ba za su bar ramin nan a buɗe ba, ruwan sama na shigowa ta wurin. A sana'armu yawanci mukan ɗauki hoto, mu rubuta inda aka samu, mu mai da abu inda yake. Kuma a doka na mamallakin gidan ne, sai kin ji ta bakinsa. Kada dai ki shafa masa mai ko ki wanke shi, fatar za ta lalace.

Binta_Leeds:
Ni fa har yanzu ban natsu da a mai da shi ba. In don camfi aka sa shi, mu da muka san babu mai karewa sai Allah, mu sake sa shi da hannunmu? A kai gidan tarihi ya fi.

Abu_Sumayya:
Niyya ce ai, Malama Binta. Ba don kariya za ta mayar ba, don ba nata ba ne.

Ummu_Hanif:
Na yi magana da mamallakin, ya ce zaɓi nawa ne, shi dai a rufe ramin ranar Alhamis. Hotunan na aika Northampton. Jiya kuma na bi shawarar Hajiya Kulu na je wurin shayin tsofaffi. Wani dattijo ya karɓi hoton gidan ya daɗe yana kallo, ya ce kakarsa ta zauna a ɗaya ɓangaren, wanda aka toshe ƙofarsa, kuma yana da hotonta tsaye a kan dutsen nan da ya lotsa. Ya ce in zo Laraba da yamma zai nemo shi a cikin akwati. Baba Malam, me da me ya kamata in tambaye shi? Ba na so in gajiyar da shi, numfashinsa ba shi da ƙarfi.